Wa Ke Mulki Bana? Tarihin Wata Tambaya a Azuzuwan Tsiga

A watan Yunin 2024 na je gida Tsiga. Damina ta zauna, masara ta tsiro, mutane sun duƙufa noman firi. Bayan la'asar muna zaune a zaure ni da baffanmu, sai ga 'yar ƙanena, 'yar aji biyu a firamare, ta shigo gaishe mu. Na yi mata abin da duk baƙo mai ɗan boko yake yi wa yaran gida, wato na ɗora ta a sikeli. Wane ne shugaban ƙasa? Ta faɗa. Gwamna fa? Ta faɗa. Launin tuta? Kore, fari, kore. Na ce to a yi mana taken ƙasa. Ta ajiye takalmanta, ta ƙame kamar soja, ta rera shi tun daga farko har ƙarshe, da Turancin da ba ta san ma'anar ko kalma biyar a cikinsa ba.

Ina shirin sa hannu a aljihu sai baffa ya yi dariya, ya ce, "Uwata, kin faɗi. Wannan ai tun ƙarshen watan jiya aka soke shi." Ya gyara murya ya rero nasa, wanda ya koya a elementare shekara sittin da suka wuce. Dattijon da haƙoransa suka zube shi ya ci jarrabawa, yarinyar da ta shafe zango biyu tana hadda ita ta faɗi. Ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, to na Malam ƙarya ne?"

Ban ba ta amsar kirki ba a ranar. Tambayar ce ta sa na koma ina bin sawun wannan al'ada tamu ta tsare yaro a tambaye shi sunan mai mulki da alamomin ƙasa: daga ina ta zo, kuma me muke aunawa in mun yi ta?

Kafin boko, jarraba yaro ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A makarantar allo ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ya biya karatunsa daidai. Sai dai abin da ake biyawa a can ba ya canjawa. Wanda ya haddace sura a zamanin Sarki Dikko, jikansa ma haka zai same ta, ko wasali ɗaya bai motsa ba. Sunan mai sarauta ma yakan daɗe har ya zama kamar sunan dutse. Tun daga 1906 zuwa yau sarakuna huɗu kacal aka yi a Katsina: Muhammadu Dikko har 1944, Usman Nagogo har 1981, Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Yaron karkara ya san dagaci, ya san Makama a Bakori, Galadima a Malumfashi, Sarkin Maska a Funtua, kuma ba a aji ya koye su ba. Ya ji su a bakin maroƙa, ya ga dawakinsu ranar hawan salla, ya ga ubansa yana kai haraji.

Makarantar elementare ta En'e ita ta kawo tambaya a kan mai mulkin da yaro bai taɓa gani ba, ba kuma zai taɓa gani ba. Kowace 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, 'yan makaranta a duk inda Ingila ke mulki sukan fita maci a gaban tutarta, a yi tsere da wasanni, a tuna musu cewa su talakawan wata daula ce da ta game duniya. Da Sarki Joji na shida ya mutu a 1952, amsar ta koma Sarauniya Alizabet, wadda ta zo har Kaduna a 1956 aka yi mata hawan daba. A nan ne aka fara raba abu biyu da a da suke haɗe: sanin mai mulki da iya faɗin sunansa.

Wasu malaman wancan zamani sun gane wannan giɓi, sun kuma yi ƙoƙarin cike shi. A ƙarshen shekarun 1940 wani matashin malami a ƙasar Sakkwato ya ga yara na shan wuya wajen riƙe labarin ƙasa, sai ya tsara musu shi a waƙe da Hausa, garuruwa da koguna da al'ummu, ya kira ta Waƙar Nijeriya. Sunansa Shehu Shagari. Bayan shekara talatin shi da kansa ya zama amsar tambaya a takardar jarrabawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malami ne, ɗalibin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, haka Sardauna Ahmadu Bello. Ko Umaru Musa 'Yar'aduwa ya riƙe alli kafin ya riƙe mulki. Wato da yawa daga cikin sunayen da ake sa yara haddacewa, mutane ne da suka san zafin tsayawa gaban yara arba'in da rana tsaka. Ban taɓa jin an faɗa wa ɗan aji biyu wannan ba, alhali shi ne abin da zai fi saurin kamawa.

Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin 'yan ƙananan tutoci da kofuna da aka raba wa 'yan makaranta. Wanda ya zana tutar ɗalibi ne a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, ya shiga gasa ya ci, aka ba shi fam ɗari. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasa suka cire ta. Ya rasu a watan Agustan 2023, iyalansa suka yi ta jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alkawari, sai bayan shekara guda aka binne shi a Ibadan. Sunansa na cikin amsoshin da yara suka fi haddacewa a Nijeriya, wannan ƙarshen labarin kuwa ba ya cikin littafi. Shi kuma taken farko, wata Baturiya ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa, Frances Berda ta sa masa kiɗa. Tambarin ƙasa ya zo da baƙar garkuwa, da farin zane mai rassa biyu da ke nuna haɗuwar Kwara da Binuwai a Lakwaja, da fararen dawaki biyu, da jar gaggafa a sama.

Daga nan ne amsoshi suka daina zama wuri ɗaya. A 1966 kaɗai an wayi shekara da Azikiwe da Ɓalewa, aka shiga hannun Ironsi, aka rufe ta da Gowon. A 1993 ma mutum uku suka hau kujerar: Babangida, Shonekan wanda bai cika wata uku ba, sai Abaca. Malamin ƙauye ba wasiƙa ke sanar da shi ba, rediyo ce. Ya kunna Kaduna da asuba ya ji kiɗan soja maimakon shirin da ya saba, ya san hoton da ke ofishin hedimasta ya zama na saukewa. A cikin shekara 37 da Usman Nagogo ya yi a gadon sarauta, ya ga gwamnonin Turawa, ya ga Azikiwe, Ironsi, Gowon, Murtala, Obasanjo da Shagari. Yanzu ana lissafa Tinubu a matsayin na goma sha shida.

Ba shugabanni kaɗai ke sauyawa ba, har ƙasar da yaro ke takawa. Wanda aka haifa a Tsiga a 1960 ya tashi a Lardin Katsina na Jihar Arewa. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 ɗan Jihar Kaduna, ranar 23 ga Satumba 1987 ɗan Jihar Katsina, duk bai matsa daga ƙofar gidansu ba. Jihohin da ake rerawa da manyan biranensu sun tashi daga 12 zuwa 19, zuwa 21, zuwa 30, zuwa 36 a 1996. Babban birnin ƙasa Legas ne har watan Disamban 1991. Duk wanda ya yi firamare a Nijeriya, in ka ji adadin jihohin da bakinsa ya fi sabawa da shi, ka san shekarunsa ba sai ka tambaya ba. Ni ɗan sha tara ne.

Shekarar 1976 ita ce ta fi shafar mu, kuma a kanta zan ɗan tsaya, don a cikinta aka sa ni aji ɗaya. A watan Fabrairunta aka kashe Murtala ranar wata Juma'a a Legas, a watan Satumba kuma Obasanjo ya buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba, aka riƙa yaye su a gurguje daga kwalejojin horo. A yankinmu abin ya zo daidai da shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, taki da sabon irin masara suna shigowa, hannun yaro yana da tsada a gona. Uban da ke da auduga a fili ba ya ganin dalilin da zai sa ɗansa ya wuni a gindin bishiya yana maimaita abin da malamin kansa bai gama fahimta ba. Dagatai ne suka riƙa bi gida-gida.

A wannan shekara ce kuma aka shigo da alkawarin biyayya ga ƙasa. Wata malama, Felicia Adebola Adedoyin, ita ta rubuta shi, ya fito a jaridar Daily Times, gwamnatin soja ta ɗauka ta ce kowane ɗan makaranta ya riƙa karanta shi da safe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara shida ke nan da gama yaƙin basasa, ana neman abin da zai ɗaure yaron Tsiga da yaron Enugu da igiya ɗaya. Niyyar ba ta da laifi. Amma abin da ya iso mana shi ne jerin sautuka. Muna tsaye a layi, ƙafa ba takalmi, hazo na dukan mu, muna furta kalmomin da muka maida su Hausar da babu ita a duniya. Wanda bakinsa bai motsa ba ya sha tsumagiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa, to amma take da alkawari ba su shiga wannan rangwame ba. Ban tuna ranar da wani ya tsaya ya fassara mana su ba.

Muna aji uku, a 1978, aka ce wancan taken na Turawa ne, ga namu. An tsinto baitocinsa daga rubutun mutum biyar da suka shiga gasa, Benedict Odiase na ƙungiyar kaɗe-kaɗen 'yan sanda ya sa masa kiɗa. Aka kuma ƙara zaman lafiya da ci gaba a kan haɗin kai da imani da ke rubuce a ƙasan tambari. Ashe abin da ya sami 'yar ƙanena ya taɓa samuna, na manta ne kawai. Bambancin shi ne mu an ce mana mun bar na baƙi mun kama na gida, ita kuwa an ce ta bar na gida ta koma wancan, ba tare da an gaya mata dalili ba. Majalisar wakilai ta amince da dokar ranar 23 ga Mayu 2024, ta dattawa ranar 28, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 29. Mako ɗaya. Littattafan da iyaye suka saya a farkon shekara kuwa suna nan da tsohuwar amsa.

Ranar da mai duba makarantu zai zo, tun jajibiri ake sharar fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Shi ma tambayoyinsa ba su wuce waɗannan ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ne da zai zaga makarantu da yawa a kan babur, yana da minti goma a kowane aji. Wace tambaya ce ta fi sauƙin yankewa, daidai ko kuskure, irin sunan shugaban ƙasa? Malamai kuwa sun san haka, sai su zaɓi yara uku masu kaifin baki su zaunar da su a gaba. Mu na baya aikinmu ɗaga hannu.

Zamanin Buhari da Idiyagbon aka fito da jarrabawar daga aji aka kai ta ofis. Yaƙi da rashin ɗa'a da aka ƙaddamar a watan Maris 1984 ya fara da bin layi, ya bi ta kan zuwa aiki da wuri, a watan Agusta ya iso kan kishin ƙasa: girmama tuta, iya take, iya alkawari. Manya masu iyali suka koma neman 'ya'yansu su biya musu. Ko a wannan zamani an sha ganin waɗanda za a tura jakadanci suna inda-inda a gaban majalisar dattawa in an ce su rera take, a yi dariya, a ce su rusuna su wuce. Yaron da ya yi irin wannan inda-indar ba a ce masa ya wuce.

Akwai wani littafin tarihi da ya fi na makaranta shiga hannun yara, wato takardar kuɗi. Naira ta zo a 1973, a 1977 aka fito da ta ashirin da hoton Murtala, har mutane suka koma kiran takardar da sunansa. Ɓalewa na kan biyar, Alvan Ikoku, shi ma malami, na kan goma, Awolowo ɗari, Sardauna ɗari biyu, Azikiwe ɗari biyar. Yarinya mai tallar gyaɗa a tashar Bakori ba ta taɓa kuskuren waɗannan fuskoki ba. Almajiri kuma yana karanta adadin da ajami, rubutun da ya sani tun yana ɗan shekara biyar, wurin da gwamnatin tarayya ke yi masa magana da haruffansa. A 2007 aka cire ajamin daga ƙananan takardu, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira ɗari. Yau ma biyar da goma ba sa sayen komai, don haka Ɓalewa ya ɓace daga hannun yara ba tare da wata doka ta kore shi ba.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. A daidai lokacin da ake ci gaba da tambayar yara sunaye, aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun daga zangon 2009/2010, aka narkar da ɗan abin da ya rage cikin nazarin zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa. An yi fiye da shekara goma ana yaye yaran da za su iya jero shugabanni goma sha biyar a numfashi ɗaya, amma ba su san me ya raba na uku da na biyu ba. Sai a 'yan shekarun nan aka fara maido da shi. Jerin suna ba labari kamar carbi ne da aka zare wa zare.

In ka haura Jibiya ka shiga Maraɗi, yaran can ma sun sha irin wannan, sai dai su ta ɗaya gefen suka bi. A watan Yunin 2023 Nijar ta yar da taken da wani Bafaranshe ya rubuta mata a 1961 ta ɗauki sabo. Wata guda bayan haka, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka tsare Bazoum, amsar ɗaya tambayar ma ta canja. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a can. Yara biyu masu harshe ɗaya, wataƙila ma dangi, cikin shekara guda ɗaya an raba shi da taken Turawa, ɗaya an mayar da shi gare shi.

Ba ina cewa a daina koya wa yara tuta da take ba ne. Ƙasar da ke da harsuna ɗaruruwa tana bukatar abin da kowa zai miƙe masa tare, ko da na minti biyu ne. Amma alkawarin da muke sa yara su ɗauka kowace safiya hannu biyu gare shi, kuma a kudancin Katsina yara sun ga yadda ɗaya hannun yake. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu, aka kora su daji a ƙafa. A wannan daren shugaban ƙasar da suka haddace sunansa yana Daura, cikin jiha ɗaya da su. Sun dawo bayan kwana shida. A watan Fabrairun 2025 kuma aka shigo Tsiga kanta aka ɗauki Janar Maharazu Tsiga mai ritaya daga gidansa, mutumin da ya taɓa shugabantar hukumar masu yi wa ƙasa hidima, wadda ke tura matasa koyarwa a kowane lungu da sunan haɗin kai. Sai a watan Afrilu ya kuɓuta. Yaran garin ba su bukaci malami ya rubuta musu wannan a allo ba.

Na sake komawa gida bayan an kwashe amfani, buhunan masara jibge a zaure. 'Yar ƙanena ta shiga aji uku, ta iya taken yanzu sarai, ƙaninta kuwa yana farawa da wannan ya ƙare da wancan, ba ya ma jin inda ya sauya hanya. Wannan karon ban ce ta rera komai ba. Na ciro fasfo ɗina na nuna mata bangon, na ce me ta gani. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce dawakin na Sarkin Katsina ne, an cire musu sirdi za a kai su wanka. Farin zanen nan hanya ce, inda ta rabu, ɗaya ta yi Funtua ɗaya ta yi Malumfashi. Tsuntsun kuwa shaho ne, yana hangen 'yan tsaki.

Baffa ya ce, "Uwata, wannan ba hanya ba ce, ruwa ne. Koguna biyu ne suka haɗu."

Ta ce, "A ina?"

Ya ce, "Lakwaja. Na taɓa ƙetarewa da shanu a jirgin fito, tun ba a yi gada ba."

Ta janyo buhu ta zauna kusa da ƙafarsa, ta ce, "Shanun ba su faɗa ciki ba?"